A ina aka kashe Rabe: Kusiri, Njamena ko Dikwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gardama ta kaure a majalisarmu ta shayi nan Kusiri, kwana uku ba ta mutu ba. Wani dattijo ya ce a Njamena aka kashe Rabe, wani ɗan kasuwa mai zuwa Maiduguri ya rantse a Dikwa ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kun ba ni dariya, domin kuna zaune ne a garin da abin ya faru kuna nemansa a wani wuri. A Kusiri aka kashe Rabe, jarumin yaƙin nan da ya fito daga Sudan ya ci Borno, a yaƙinsa da sojojin Faransa ranar 22 ga Afrilu, 1900.

Sai dai kada ku yi wa dattijon ihu, kuskurensa na masu sani ne. A yaƙin nan aka kashe kwamandan Faransa, Lamy, shi ma. Bayan 'yan makonni Gentil, wani jagoran Faransawan, ya kafa sansani a tsallaken kogin Shari ya sa masa Fort-Lamy, sunan da birnin ya riƙe har 1973, lokacin da shugaban Chadi Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Ka ga ranar yaƙin babu birnin ma tukuna. Sunan mamaci ɗaya ne ya ja labarin ɗayan ya haye ruwa da shi.

Ɗan kasuwa kuwa hedkwata ya tuna. Da Rabe ya ci Borno a 1893 ya ƙone Kukawa babban birninta, Dikwa ya zauna, kuma ginin da ya yi yana nan har yau. Ɗansa Fadlallah ya ci gaba da yaƙi, aka kashe shi a Gujba a 1901.

Abin da aka cika mantawa, kuma shi na so ku yi gardama a kai: rundunoni uku Faransa ta haɗa masa, ɗaya ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya, ɗaya daga yamma ta Damagaram, ta Gentil daga Kwango. Yawancin masu riƙe da bindigoginsu 'yan Afirka ne. Hoton nan na kan Rabe da ake yawo da shi a wayoyi, duba da kyau wanda ya ɗaga shi.

In kun koma majalisa, ka tambayi dattijon daga bakin wa ya ji nasa labarin. Idan ya ce kakansa, ka ɗauko waya ka naɗa, ka kuma tambaye shi labarin Hayatu na Balda, surukin Rabe.