Saniyar da ta faɗi dare ɗaya: abin da mahauci zai yi

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa aka hana ku feɗe san da aka tarar a mace da asuba a turken shanu na Kaase, nan Kumasi, alhali dillali fatar kawai yake so a ceto, da kuma dalilin da likitan dabbobi ya rubuta sunayenku. Zauna ka ji.

Dabbar da ta kwana tana tuƙa, gari ya waye ta mutu, cikinta ya kumbura da wuri, ƙafafunta ba su sandare ba, baƙin jini na tsiyaya ta hanci ko baki ko dubura kuma ba ya daskarewa, ka ɗauke ta a matsayin mai ciwon saifa har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kada wuƙa ta taɓa ta. Ƙwayar cutar tana cikin jini; muddin gawar na rufe, ruɓewa na kashe mafi yawanta. Da ka tsaga cikin iska ta shiga, sai ƙwayar ta yi wa kanta ɓawo, ta kwanta a ƙasa shekaru gommai tana jiran wata dabbar. Gishiri da rana ba sa kashe ta a fata, don haka fatar nan ba ta zuwa majema, ba ta zama wele, wato fatar da ake dafawa a ci.

Ka toshe hanci da baki da dubura da tsumma, ka rufe gawar da leda mai kauri saboda ƙuda da karnuka da ungulu, ka janye sauran shanun gefe. Likita zai ɗan ɗebi jini a kunne ya shafa a gilashi, ba ya buƙatar a buɗe ciki. Sai a ƙone ta ƙurmus inda ta faɗi, ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya, haɗe da ƙasar da jinin ya jiƙa. Ba a janta a ƙasa.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda aka yi wa yankan gaggawa don kada ta zama mushe. Idan ka buɗe irinta ka ga saifa ta ninka girmanta, ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushi kamar za ta narke a hannu, ka tsaya nan take. Kada ka watsa ruwa a daɓe, magudana za ta raba cutar ga kowa. Wuƙa da gatari a tafasa su aƙalla minti 30.

Rubuta sunaye kuwa bin sawu ne, gaba da baya. Ta baya ana son a san motar da ta kawo san, takardar izinin tafiyarsa, dillalin da ya saye shi, kasuwar da aka ɗauko shi, ko Bawku ko Paga ko tsallaken Burkina, har a kai ga garken da mashayarsa. Can ake tsare dabbobin kwana 20 a yi musu rigakafi. Allurar shekara-shekara ce, ana sarrafa ta a ɗakin binciken dabbobi na Pong-Tamale, kuma ba a haɗa ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yana lalata ta. Ta gaba kuma ana neman wanda ya yanka, wanda ya feɗe, mai ɗaukar nama a kafaɗa, mai wankin hanji, mai tsiren da ya sayi cinya. Haka aka yi a watan Yuni na 2023, da cutar ta kashe mutum a Binduri, aka hana yanka da safarar dabbobi a yankin Upper East na wata guda. Shi ya sa nake matsa muku ku riƙe littafi: rana, lambar mota, sunan dillali, launin dabba da tambarinta. Wanda ya ɓoye suna don tsoron asara, ɗan uwansa ya cuta.

Kai da ka taɓa gawar nan, ka duba hannuwanka da wuyanka kullum har mako biyu. A jikin mutum ciwon yakan fara da ƙurji mai ƙaiƙayi kamar cizon sauro, ya zama bororo, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, gefe ya kumbura, kuma ba ya zafi. Rashin zafin ne ke yaudarar mutane. Kada ka matse shi, kada ka shafa toka. Ka je asibiti ranar, ka ce musu kai mahauci ne kuma ka taɓa dabbar da ake zargi, domin magani na kama shi sarai idan an fara da wuri. Wanda ya ci naman kuma ya ji zazzaɓi da amai da ciwon ciki, ko maƙogwaronsa ya kumbura, a kai shi asibitin Komfo Anokye ba tare da jiran wayewar gari ba.