Amsa ga mai tambaya kan insha'in muhawara

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce jarrabawar WAEC ta ƙarato, kuma duk sanda aka ba ku insha'in muhawara makinki ba ya kai rabi, alhali Turancinki ba laifi. Na daɗe ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kuma kukan nan naki na sha jin sa.

Abin da ya fi kayar da yara shi ne tsoron ɗaukar ɓangare. A ce musu makarantar jeka-ka-dawo ta fi ta kwana, ku goyi baya ko ku musanta, sai yaro ya jero amfanin wannan, ya jero na waccan, ya rufe da cewa kowacce da ranarta. Taura biyu ba ta taunuwa. Tun a sakin layi na farko ki faɗi inda kika tsaya, kada ki gusa har ki ajiye biro.

Hujja uku masu ƙwari sun wadatar, kowacce da sakin layinta. Amma fa faɗin hujja daban, tabbatar da ita daban. Idan jeka-ka-dawo kike karewa, kada ki ce ta fi tsaro ki wuce. Ki nuna yadda aka yi ta fi: a ɗakunan kwana aka kwashe 'yan matan Chibok a 2014, haka yaran Ƙanƙara a Disambar 2020, haka 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, duka da daddare. Ranar da na fara ganin ɗaliba ta kawo irin wannan misali da kanta, na san ta gane aikin. Abin da ba ki tabbatar ba kuma, musamman alƙaluma, ki bar shi.

Sai wurin da yawanci suke tsallakewa, kuma nan maki yake. Ki ɗauko hujjar abokin hamayya wadda ta fi ƙarfi, ba mai rauni ba. Zai ce ɗan makarantar kwana ya fi samun lokacin karatu, ba aike, ba talla. Ki yarda akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sannan ki amsa cewa gyaran wannan a hannun iyaye yake, su ware wa yaro lokacin bita bayan magariba, ba sai an raba shi da gida wata uku ba.

Ki karanta tambayar da kyau. In muhawara ce a gaban taro, ki fara da gaida shugaban taro, alƙalai, mai kula da lokaci da abokan muhawara. In maƙala ce ta jarida, take da sunan marubuci ake so, ba gaisuwa.

Maki 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Saboda haka gajerun jimloli masu tsabta sun fi miki manyan kalmomin da ba ki mallake su ba. Kalma 450 ake buƙata, a cikin kamar minti 50. A makon nan ki sa agogo a gabanki ki rubuta guda ɗaya, ki turo mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.