Filin Marubuta: Labarin ɗan ina-da-kisa da masu cutar cizo

Tambaya: Ina rubuta labarin wani ɗan ina-da-kisa da ake biya ya farauci mutanen da wata cuta ta mayar kamar zombi, wato gawarwakin nan na fina-finai da ke tashi suna cizon mutane. Na kai babi na 9, amma masu bibiyata a WhatsApp suna cewa abin bai kama hankali ba. Ina gizo yake saƙar? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malama, yawanci inda ake samun tangarɗa shi ne cutar ba ta da ƙa'ida. A babi na 2 wanda aka ciza ya rikiɗe cikin minti biyar, a babi na 7 ƙanwar jarumi ta kwana uku lafiya lau saboda marubuciya tana tausayinta. Mai karatu ba ya yafe wannan. Ki dakata da rubutun, ki ɗauki takarda ki yanke hukunci kan hanyar yaɗuwar cutar, kwanakin da take ɓuya a jiki, alamominta, da abin da ke kashe mai ita.

Ki ɗauki ciwon haukar kare ya zama madubinki. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana shiga ta wurin cizo, sannan ta bi jijiyoyi a hankali har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon fuska ko wuya ya fi na ƙafa saurin bayyana, tafiyar ta fi gajarta. Yawanci tana ɓuya wata 1 zuwa 3, wani lokaci mako guda kacal. Idan alamomi suka fito, maƙogwaro yana shaƙewa da zarar an kawo ruwa, har iska ma firgita mai ciwon take yi, kuma da wuya a tsira. Kin ga kin samu abin gwaji: jaruminki ya miƙa wa wanda yake zargi kofin ruwa, ya zuba masa ido. (A zahiri kuwa, wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya garzaya asibiti a yi masa allura.)

Muna ba ki shawara ki bar halittun nan da ransu, kada ki ce gawarwaki ne suka tashi. Gawa tana fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, a zafin Afrilu kuma ba ta daɗewa take kumbura, ba ta da halin bin kowa da gudu. Ga shi a wajenmu ana yin jana'iza a ranar da aka rasu. Idan masu rai ne, suna jin yunwa, suna gajiya, kuma wanda ba ya iya shan ruwa kwanakinsa kaɗan ne. Abin da ya fi muhimmanci, duk wanda jarumin ya kashe ɗan wani ne, mijin wata ne. Ki tsaya sosai a kan kwanakin ɓuyar cutar, lokacin da mutum yake magana, yake salla, yake roƙon a bar shi, alhali an riga an biya kuɗin kashe shi. Nan ne labarinki yake.

Tambaya: Wane makami ya dace da irin wannan jarumi, kuma ta ina zan shigo da gaibu? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, bindiga tana tona asiri. Ƙarar harbi ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, duk mai cutar da ke unguwa zai nufo wurin. Gidan harsashin AK-47 yana cin 30, cikakkensa ya kusa kilo ɗaya, ga ruwan sha lita 4 da zai ɗauka, kilo 4 ke nan. Ka riƙa ƙirga harsasansa a gefen takarda babi bayan babi. Adda ba ta ƙara, amma tana kawo shi inda haƙori zai same shi, jini da yawu su fantsama masa a ido. Ka ba shi fata mai kauri a dantse da wuya, da abin rufe fuska.

Batun gaibu kuma, asalin zombi daga Haiti yake, kuma a can ba mai cizo ba ne. Mutum ne da aka yi imani mai tsafi ya ƙwace masa hankali yana bautar da shi, tunanin da ke da alaƙa da tarihin bauta a gonakin rake. Idan ka bi wannan hanya, dole akwai mai juya su, kuma shi ne abin farautar ƙarshe. Idan jarumin za ka ba baiwa, ka ba shi guda ɗaya tak mai iyaka: misali yana jin warin cutar kafin ta bayyana, amma sai a tazarar taku 10, kuma duk sanda ya yi amfani da ita ganinsa yana dushewa har wayewar gari.