Mijina ya shaƙe ni: shin in kai ƙara wurin 'yan sanda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma mijina ya daɗe yana dukana, tun yana mari har abin ya kai ga naushi da shuri. Kwanan baya ya shaƙe mini wuya har sai da na ga duhu, ya kuma ce idan na gaya wa wani sai ya kashe ni. Magabata sun sha zama da mu, kullum haƙuri ake ba ni. Ina so in kai ƙara wurin 'yan sanda, amma ina tsoron su ce lamarin cikin gida ne, ga shi ba ni da shaida, kuma ba na son a ɗaure uban 'ya'yana. Mene ne abin yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo miki sauƙi. Shawarata ita ce ki je, kuma kada ki jira sai ya sake. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne shaƙewar nan da barazanar da ta biyo bayanta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka na wadda ake duka ba tare da shaƙewa ba har kusan sau 7. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta nuna cewa a 2023 mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka rasa rayukansu a hannun mazajensu ko danginsu, wato kusan 140 a kowace rana. Haƙuri yana da muhallinsa a zaman aure, amma abin ya wuce nan tun ranar da hannunsa ya kai wuyanki.

Ki fara da asibiti ko da kina ganin kin warke, domin shaƙewa tana iya yi wa jijiyoyin wuya illa ba tare da ta bar tabo a fata ba. Dishewar murya, wahalar haɗiye yawu, ciwon kai da jajayen ɗigo a cikin ido duk alamu ne da ya kamata likita ya gani. Kada ki ce masa faɗuwa kika yi, kamar yadda mata da yawa suke faɗa don rufa asiri. Ki gaya masa gaskiya, ki roƙi ya rubuta, domin rahotonsa yana da nauyi a gaban kotu.

Kin ce ba ki da shaida, alhali bayaninki kansa shaida ne. Ki ƙara da hotunan raunuka, da saƙonnin barazana idan akwai, da sunan duk wanda ya taɓa jin ihunki ko ya shigo rabon faɗa. Ki tura waɗannan abubuwa wa wadda kika amince da ita ta ajiye miki, tun da yana iya bincika wayarki.

Ranar zuwa ofishin 'yan sanda ki tafi da wanda zai tsaya miki, ki nemi sashen da ke kula da lamuran mata da iyali ko jami'a mace. Tun da Brazil ta buɗe ofishin 'yan sanda na mata a 1985, ƙasashe da dama sun kafa irin wannan sashe. Ki ba da labarin daki-daki: ranar da abin ya faru, inda ya taɓa a jikinki, ainihin kalmomin da ya furta, ko yana da makami, ko yara suna wurin, da kuma dukan da ya gabata. Kada ki sa hannu a kan bayanin sai kin karanta ko an karanta miki, sannan ki karɓi lambar ƙarar da sunan jami'in da ya rubuta ta.

Tsoronki yana da tushe, domin akwai jami'an da har yanzu suke cewa "ku je gida ku sasanta". Idan kika haɗu da irinsu, ki nemi ganin shugaban ofishin, ko ki koma da lauya ko wakiliyar wata ƙungiyar kare haƙƙin mata, da yawansu ba sa karɓar kuɗi. Jikkata mutum da yi masa barazanar kisa laifi ne a kusan kowace ƙasa, wasu kuma sun yi dokoki na musamman a kan cin zarafi a cikin gida, kamar Ghana a 2007 da Najeriya a 2015.

Game da ɗauri kuwa, kai ƙara ba ta nufin lallai za a ɗaure shi, ba ta kuma kashe aure. A ƙasashe da yawa kotu tana iya ba da umarnin kariya wanda zai hana shi kusantarki ko tuntuɓarki, idan ya saɓa a kama shi. Sai dai ya kamata ki sani cewa a wasu wurare, idan magana ta kai hannun mai gabatar da ƙara, yana iya ci gaba da ita ko da kin ce kin janye.

Lokacin da mai duka ya gane cewa matarsa ta kai ƙara ko tana shirin tafiya yana daga cikin lokuta mafi haɗari, saboda haka kada ki sanar da shi, kada kuma ki yi masa barazana da 'yan sanda a tsakiyar faɗa. Kafin ki fita, ki tabbatar da inda za ki kwana da yaranki a daren, ki kuma riga ki kai katin shaidarki, takardun haihuwar yara, magungunanku da ɗan abin da kike da shi na kuɗi can. Ki gaya wa jami'in ƙarara cewa kina tsoron komawa gidan, ki roƙi ya sa wannan ma a cikin bayanin.