Me masana taurari na ƙarni na 19 suke rubuta wa juna a wasiƙa?

Tambaya: Malam, na ji an ce wasu masana taurari na ƙarni na 19 sun bar dubban wasiƙu. Shin duk lissafi ne da labarin sababbin taurari a ciki? Me mutum zai yi ta rubutawa kullum haka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam ɗalibi, abin da ka ji haka yake. Ɗauki John Herschel na Ingila, wanda ya rayu daga 1792 zuwa 1871. Da aka tattara jerin wasiƙun da ya aika da waɗanda aka aiko masa, aka buga a 1998, sun haura 14,000. Amma in ka zauna karanta su da tsammanin kowace ta ɗauko sabon tauraro, gajiya za ka yi. Mafi yawansu hidimar yau da gobe ce: godiya a kan littafin da aka aiko, neman aron kayan aiki, ƙorafi a kan hadarin da ya rufe sama, roƙon a sa baki wani matashi ya samu aiki, sai kuma gaisuwar dangi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne zamansa a Afirka ta Kudu daga 1834 zuwa 1838, a wani gida mai suna Feldhausen kusa da Cape Town. Ya je ne da babban madubin hangen nesa mai tsawon ƙafa 20 don ya ƙididdige taurarin sararin kudu. Mil kaɗan daga gidansa akwai Thomas Maclear, shugaban ɗakin duban taurari na gwamnati. Ɗan aike ne ke kai da kawo takardu tsakaninsu. Herschel kan nemi Maclear ya auna masa ainihin matsayin wasu taurari da zai kafa lissafinsa a kansu, domin kayan Maclear sun fi dacewa da wannan aikin. Da tauraro mai wutsiya na Halley ya bayyana a 1835 da 1836, sai takardun suka koma kansa. Wasiƙar Ingila kuwa sai ta yi wata biyu ko fiye a jirgin ruwa, kafin amsa ta dawo ma an manta da zafin tambayar.

Yana kuma rubuta wa gwaggonsa Caroline da ke Hanover a Jamus, ita ma gwanar gano taurari masu wutsiya ce. A gare ta ya kai kukan abin da jaridar The Sun ta New York ta jawo masa a watan Agusta 1835, lokacin da ta ƙirƙiro labarin wai ya hango halittu masu fukafukai a duniyar wata. Ya shaida mata cewa an dame shi ta ko'ina da wannan shirme, da Turanci da Faransanci da Italiyanci da Jamusanci.

Kada ka manta da kuɗin gidan waya. Kafin 1840, a Ingila yawanci wanda aka aiko wa ne ke biya, kuma ana lissafi da nisa da yawan falle. Shi ya sa za ka ga mutum ya cika shafi, ya juya takardar a gicciye, ya sake rubutu a kan na farko. Sai a 1840 aka mai da kuɗin kwabo ɗaya ga wasiƙa marar nauyi, aka kuma fito da kan sarki.

A ganina, kuskure ne a raba waɗannan wasiƙu gida biyu, a ce ga na ilimi ga na surutu, domin sau da yawa a falle ɗaya suke. Ranar 18 ga Satumba 1846, masanin taurari Urbain Le Verrier ya rubuta wa takwaransa Johann Galle daga Paris zuwa Berlin. Ya fara da godiya a kan wani aikin bincike da Galle ya aiko masa shekara guda kafin nan, wanda Le Verrier bai samu amsawa ba. Bayan godiyar ne ya roƙe shi ya duba wani gurbi a sama inda lissafinsa ya nuna akwai duniyar da ba a sani ba. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga wata, a daren nan Galle da mataimakinsa Heinrich d'Arrest suka ga wannan duniyar, wato Neptune, dab da inda aka ce, tazarar ba ta kai digiri ɗaya ba.

A Ingila kuma akasin haka aka yi. John Couch Adams ya yi irin wannan lissafi, George Airy, shugaban ɗakin duban taurari na Greenwich, ya rubuta masa tambaya a kai a watan Nuwamba 1845, Adams bai amsa ba a lokacin. Airy mutum ne da ba ya yar da takarda ko ƙanƙanuwa, don haka komai na wannan batu yana cikin fayil ɗinsa. Fayil ɗin ya ɓace shekaru da dama, sai a 1998 aka same shi a ƙasar Chile cikin kayan wani masanin taurari da ya rasu. Yanzu yana ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge, wasiƙun Herschel kuwa da yawansu suna hannun ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Landan.