Fim ɗin da ya faɗi ƙarshensa tun farko: me ake kallo a "film noir"?

Tambaya:

Malam, wani abokina ya dame ni da zancen wasu tsofaffin fina-finan Amurka masu baƙi da fari da ake kira "film noir". Ya turo mini ɗaya a waya, Double Indemnity. Ko minti goma ba a yi ba jarumin ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kisan, kuma bai samu kuɗin ba, bai samu matar ba. To me ya rage a kalla? Ba faɗa, ba kala, ga alama ma akta mutuwa zai yi. Mene ne wannan noir ɗin, kuma me mutane ke gani a fim ɗin da ya haura shekara 80?

Mai karatu daga Zariya

Amsa:

Ɗan'uwa, abokin naka ya iya zaɓe, kai ne ka yi saurin kashewa. Amma ban ga laifinka ba. Mun taso a gidan kallo da imanin cewa akta ba ya mutuwa, a sha wuya, a kashe bos, a tashi. Waɗannan fina-finai ba su san wannan dokar ba.

Bari mu fara da sunan. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta baƙin fim, kuma waɗanda suka shirya fina-finan ba su san ana kiran su haka ba. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu an hana shigo da fina-finan Amurka. Bayan an gama yaƙi, a 1946 sai suka kwararo birnin Faris lokaci guda: The Maltese Falcon na 1941, da Laura, da Murder, My Sweet, da wannan naka, duk na 1944. Faransawa suka ga Amurkar da suka sani da raha da rawa ta koma duhu. Wani mai sharhin fina-finai, Nino Frank, shi ya laƙaba masu sunan a wannan shekarar. A Hollywood kuwa fim ɗin laifi kawai ake ce masu. Yawancin masana suna ƙirga zamanin daga 1941 zuwa 1958, shekarar da Orson Welles ya fitar da Touch of Evil.

Yanzu ga tambayarka ta gaskiya: in an faɗi ƙarshe tun farko, me ya rage? Komai ma. Fim ɗin bincike na yau da kullum yana riƙe ka da tambayar wa ya yi. Noir ba ruwansa da wannan sosai. Abin da yake so ka gani shi ne yadda aka yi mutum kamar ni da kai ya kai kansa ga halaka, ido buɗe. Dubi Walter Neff, jarumin fim ɗin naka. Ba ɗan daba ba ne, ba ɓarawo ba. Dillalin inshora ne a Los Angeles, yana da aikinsa da motarsa da mutuncinsa. Ya je wani gida sabunta takardar inshorar mota, bai tarar da maigidan ba, ya tarar da matarsa. Daga nan aka ƙulla: a yi wa mijin inshorar haɗari ba da saninsa ba, a kashe shi, a nuna kamar daga jirgin ƙasa ya faɗo, domin a irin wannan mutuwar kamfani kan ninka kuɗin, dala 50,000 ta koma 100,000. Sunan fim ɗin ke nan. Kai mai kallo ka riga ka ga Neff da harsashi a kafaɗa yana naɗar iƙirarinsa a na'ura cikin dare, saboda haka duk murmushin da ya yi, duk dabarar da ya ƙulla yana jin ya fi kowa wayo, kana kallon sa ne kamar wanda ke tafiya da baya zuwa bakin rijiya. Akwai wurin da aka gama ajiye gawar, su biyun suka shiga mota, motar ta ƙi tashi. Za ka tsinci kanka kana fatan ta tashi. Kana addu'a masu kisan kai su tsira! Wannan kunyar da fim ɗin ke sa ka ji, ita ce rabin daɗinsa.

Kuma ba shi kaɗai ke wannan salon ba. A Sunset Boulevard na 1950, mai ba da labarin gawa ce da ke yawo a saman ruwan tafkin ninƙaya. A D.O.A. kuwa, mutum ne ya shiga ofishin 'yan sanda ya kai rahoton kisan kai, aka tambaye shi wa aka kashe, ya ce shi ne, don an riga an ba shi gubar da ba ta da magani. Har ta kai wani lokacin su kansu masu fim ɗin ba su damu da warware ƙulli ba. Ana ɗaukar The Big Sleep na 1946 aka rasa gane wanda ya kashe wani direba a labarin, aka aika wa marubucin littafin, Raymond Chandler, ya ce shi ma bai sani ba. Hakan bai rage wa fim ɗin masoya ba.

Batun rashin kala, a nan ne nake ganin ka fi yin kuskure. Inuwar ita ce adon. Da yawa daga cikin daraktocin 'yan gudun hijira ne daga Jamus da Ostiriya waɗanda mulkin Hitila ya tarwatsa: Billy Wilder da ya yi fim ɗin naka, da Fritz Lang, da Robert Siodmak. Sun zo da salon siniman Jamus na shekarun 1920, inda haske ɗaya mai ƙarfi ke dukan gefen fuska, a bar ɗaya gefen cikin duhu. Sun kuma zo da abin da idonsu ya gani. Mahaifiyar Wilder tana cikin Yahudawan da aka hallaka a Turai. Mutum irin wannan ba zai yi maka alkawarin cewa komai zai yi daidai ba. Sai kuma talauci ya taimaka. Da yawan fina-finan ƙananan kuɗi ne, kuma duhu na rufa asirin ɗakin da ba a gama ginawa ba. Ka lura da falon gidan matar nan: hasken rana na ratsowa ta labulen taga mai tsaga-tsaga, yana zana layuka a jikin Neff tamkar ƙarafan kurkuku, tun bai aikata komai ba. A kala, wannan zai zama falo ne kawai.

Abu na uku shi ne almakashin masu tacewa. Tun 1934 Hollywood ke aiki da dokar tace fina-finai mai tsauri a ƙarƙashin Joseph Breen: ba a nuna kwanciya, ba a koya wa mai kallo yadda ake laifi, kuma dole mai laifi ya girbi abin da ya shuka. Labarin Double Indemnity, na James M. Cain, sai da ya yi shekaru a ajiye saboda ofishin Breen ya ƙi shi. Da aka hana su faɗa kai tsaye sai suka koma zaurance da habaici. Neff da matar suna hira kan dokar gudun mota, alhali kowa ya san ba mota ake nufi ba. Duk Bahaushen da ya san daɗin magana mai harshen damo zai gane wannan gwanintar, in dai Turancin bai sha masa kai ba, don suna magana da sauri.

Akwai abin da masoya noir ba su cika son a taɓo ba, ni kuwa zan taɓo. Kusan kullum akwai kyakkyawar mace da ake ɗora wa laifin halakar namiji. Masana da dama suna danganta wannan da fargabar mazan da suka dawo daga yaƙi suka tarar mata sun shiga masana'antu suna karɓar albashi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai fina-finan da suka amsa sunansu sun fi haka wayo. Neff da kansa ya yarda cewa ya daɗe yana tunanin yadda za a damfari kamfanin tun kafin ya gan ta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma a zamanin da aikin yawancin jarumai mata shi ne kuka da jiran miji, Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin matar a fim ɗin naka, ta samu rawar da ita ke juya kowa.

Ka ma sha kallon jikokin noir ba ka sani ba. Chinatown na 1974 da Blade Runner na 1982 jininsa ne. In kuma gidanku na masu son tsofaffin fina-finan Indiya ne, Baazi na 1951 da C.I.D. na 1956, waɗanda Dev Anand ya fito a ciki, sun ɗebi wannan duhun suka kai titunan Bombai, suka ƙara masa waƙa. A Amurka kuwa masoyan ba su tsaya ga kallo ba. Marubuci Eddie Muller ya kafa gidauniyar Film Noir Foundation a 2005, kuma kuɗin da ake samu a bikin nuna fina-finai na Noir City, wanda aka fara a San Francisco, ana sa shi wajen gyara tsofaffin fina-finan da suka kusa lalacewa.

Shawarata, kada ka kalle shi da rana a waya kana amsa saƙonni. Bari dare ya yi, ka kashe fitila, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. In ka gama, nemi Out of the Past na 1947, sannan The Third Man na 1949, wanda Ingila ta yi a kangayen birnin Biyana bayan yaƙi. Amma a wannan na hannunka, sa ido kan Keyes, ɗan gajeren mai binciken kamfanin da Edward G. Robinson ya fito a matsayinsa, wanda ke farautar mai kisan bai san amininsa ba ne. Kullum ya zaro sigarinsa ba shi da ashana, Neff ne ke ƙyasta masa. Ka duba wanda ya ƙyasta wa wani a minti na ƙarshe.