Makin SAT: kuskure daidai wa daida, maki daban

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗiyata ta ci BAC seri D, tana shirin zana SAT don neman gurbi a wata jami'ar Amurka. Ita da ƙawarta sun yi jarrabawar gwaji a kwamfuta, kowace ta kuskure tambayoyi 12 a lissafi, amma ƙawar ta fi ta maki sosai. Kwamfutar ce ta yi kuskure? Kuma 1150 da ta samu jimla, nawa ke nan bisa 20? Ta ci ko ta faɗi? Daga wani mahaifi a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, haka aka gina jarrabawar.

Mu a nan mun saba da lissafin BAC: kowane darasi bisa 20, a ninka shi da nauyinsa, a haɗa a raba, wanda ya kai 10 ya ci. Uba zai iya zama da biro ya sake lissafin da kansa. SAT ba ta bin wannan hanya. Sashe biyu ne, karatu da rubutun Ingilishi mai tambayoyi 54 cikin minti 64, sai lissafi mai tambayoyi 44 cikin minti 70. Kowane sashe makinsa daga 200 zuwa 800, jimla daga 400 zuwa 1600. Ko wanda bai ci tambaya ɗaya ba yana fita da 400, don haka raba 1150 da 80 a ce ta samu 14 bisa 20 lissafin banza ne.

Abin da ya raba ɗiyarka da ƙawarta ya samo asali ne tun da hukumar College Board mai shirya SAT ta mayar da jarrabawar kan kwamfuta, a 2023 ga ƙasashen waje, a 2024 cikin Amurka. Yanzu kowane sashe kashi biyu ne. Kashin farko kowa yana samun gauraye, masu sauƙi da masu tsauri. Daga yadda ɗalibi ya yi a nan ne kwamfuta ke zaɓar masa kashi na biyu: wanda ya yi ƙoƙari a ba shi mai wuya, wanda ya yi tuntuɓe da yawa a ba shi mai sauƙi. Mai kashi mai sauƙi ko da ya cinye tambayoyinsa duka, makinsa ba zai kai ƙololuwa ba. Kuma ba yawan amsoshin kirki kaɗai ake dubawa ba, har da tsaurin tambayoyin da aka ci. Kamar masu buhu goma-goma ne a kasuwa, ɗaya na gero ɗaya na wake. Zatona shi ne ɗiyarka ta zubar da yawancin 12 ɗinta tun a kashin farko aka tura ta mai sauƙi, ƙawar kuwa ta tsallake da kyau, ta je ta yi nata kuskuren a wuri mai wuya. Ɗiyarka ta buɗe sakamakon gwajin ta ga inda kurakuran suka taru.

Akwai kuma tambayoyi biyu a kowane kashi da ba a lissafa su, gwada su ake yi don jarrabawar gaba, kuma ɗalibi bai san ko waɗanne ba ne. Su ma suna iya sa 12 ɗin wani ya zama 10 a wurin maki.

Batun ci da faɗuwa kuwa, SAT ba ta da layin ci. Kowace jami'a ce ke duba makin da idonta. Matsakaicin makin masu zanawa a shekarun nan bai wuce 1000 da kaɗan ba, ke nan 1150 ya haura na mutane da yawa kuma akwai jami'o'in da zai wadatar. Amma irin su MIT da Harvard, galibin waɗanda suke ɗauka makinsu na kusa da 1500 ko sama. Ga ɗan Nijar mai neman a biya masa kuɗin karatu, gara ya nufi saman abin da jami'ar ta saba karɓa, domin masu neman tallafin sun yi yawa. Kada a haɗa wannan da JAMB da yaranmu masu nufin Katsina ko Kano suka sani, wadda darussa huɗu ce, kowane bisa 100, jimla 400.

Shawarata gare ta: kada ta bar tambaya babu amsa, tun 2016 aka daina cire maki kan kuskure, don haka canki bai da asara. Ta natsu a kashin farko, kada gaggawa ta sa ta zubar da masu sauƙi. Kuma yarinyar da ta yi karatunta da Faransanci ta fito daga seri D, lissafin ba zai gagare ta ba, sau da yawa Ingilishin da aka rubuta tambayar da shi ne ke kayar da irinsu. Ta ba karatun Ingilishi kaso mafi girma na lokacinta. In ta zana sau biyu, jami'o'i da dama suna ɗaukar mafi kyawun makin kowane sashe su haɗa, sai ta duba shafin jami'ar da take so ta tabbatar suna yin haka kafin a biya kuɗin zama na biyu.